Shekarar da Kowane Jariri Ya Zama Sa'adu

An yi wani sarki a ƙasar Gulbin Kanya, sunansa Zubairu, wanda Allah ya hore wa ƙasa mai yalwa da talakawa masu ƙaunarsa, ya kuma haɗa masa sakin fuska da sakin hannu, har mutane suna cewa ba a shiga fadarsa da kuka a fito da shi. Abu guda ne ya tsaya masa a rai: ya daɗe bisa gadon sarauta, furfura ta fara keto masa a gemu, bai ga ɗan kansa ba. Shi ma tilo ya tashi a gidan mahaifinsa, ba wa ba ƙane, ya san irin kaɗaicin ɗan sarki, wanda kowa ke durƙusa masa amma ba a samun mai kama shi da kokawa a dandali.

Ana nan, a wata shekara mai yawan albarka, Allah ya buɗe ƙofar da aka daɗe ana ƙwanƙwasawa, matar Sarki ta sauka lafiya, aka sami namiji, aka raɗa masa suna Sa'adu. Murnar da aka yi a birnin nan ta wuce a faɗa da baki. Aka ɗora tukwane a kowace mararraba, aka yafe wa masu ƙananan laifuffuka, masunta suka ƙawata jiragensu suka cika gulbi da kiɗa. A tsakiyar wannan farin ciki Sarki ya miƙe a bainar jama'a, idanunsa sun kawo ruwa, ya ce, "Ku shaida, duk namijin da aka haifa a ƙasar nan daga yau har shekara ta zagayo, ragon sunansa daga garkena zai fito, kuma Sa'adu za a raɗa masa, domin ɗana ya tashi a cikin takwarorinsa, kada ya ɗanɗani abin da na ɗanɗana." Maza suka ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa, masu shela suka bazu har ƙauyukan kan iyaka.

Kafin a kai amfanin gona rumbu, ƙasa ta cika da Sa'adu. Uban jariri ya daina wahalar raɗa wa liman komai a kunne, maroƙa kuwa sukan sanar da suna tun ba a yanka rago ba. Aka sami Sa'adun Marina da Sa'adun Bayan Masallaci da Sa'adun Gidan Mai Kifi. Wani mahauci da Allah ya ba tagwaye ya tsaya yana sosa ƙeya, a ƙarshe aka rarrabe su da Sa'adu Mai Kuka da Sa'adu Mai Barci. Mutane suna dariyar abin, suna cin nama, suna yi wa Sarki addu'a.

A wannan zamani Alƙalin Alƙalan ƙasar shi ne Malam Ukashatu, wani gajeren dattijo mai zurfin ilmi da son raha, wanda duk shari'ar da ta gagari alƙalan unguwanni da na gundumomi a zaurensa take ƙarewa, in ya yanke kuwa ba sauran inda za a ɗaukaka ƙara sai gaban Mahalicci. Shi ma 'yarsa ta haihu a shekarar, ya ci soyayyen naman ragon Sarki, ya yaba kitsensa, ya yi wa Sa'adun gidansa addu'a, bai ga abin tuhuma a cikin al'amarin ba.

Ya kamata mai karatu ya sani cewa mutanen Gulbin Kanya suna da wani abu da suke kira Alkawarin Ƙofa. Tun zamanin kakanni, ba a naɗa wa sarki rawani sai ya tsaya a ƙofar gari, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a, ya rantse ba zai karɓe gonar kowa ba sai da haƙƙi, ba zai tsare mutum ba a ji ta bakinsa ba, kuma abin da Allah ya danƙa a hannun mai gida game da iyalinsa, ikon sarauta ba zai tsallake zaure ya taɓa shi ba. Sai ya gama rantsuwar ake yi masa mubaya'a. Kowa ya san kalmomin, amma da yake an daɗe ba a yi sarkin da ya taka su ba, sun zama kamar rijiyar bayan gari a shekarar ruwa, an san tana nan, ba mai zuwa ɗiba.

Wata rana da hantsi, Malam Ukashatu yana zaure yana sasanta wasu maƙwabta da ke jayayya kan katanga, sai wata matashiyar mace ta yi sallama, goye da jariri, kana ganinta ka ga mai ɗanyen jego. Malam ya yi mamaki, domin ba a saba ganin irinta a waje ba, balle a zauren shari'a. Ya sallami maƙwabtan, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma.

Ya ce, "'Yata, me ya fito da ke daga ɗaki, ba ki gama wanka ba?"

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, sunana Hansatu, matar Hashimu mai sassaƙa jirgi a Bakin Gulbi. Abin da ya fi ƙarfin zaman ɗaki ne ya fito da ni. Maigidana yana gidan Yari, ɗana kuma ga shi a bayana, ranar suna ta zo ta wuce, ba shi da suna."

"Subhanallahi! Ragon ne bai iso ba?"

"Rago ya iso, Malam, ƙato, ƙahonsa har ya murɗe. Maigidan ne ya ja shi ya mayar."

Sai ta kwashe labari ta faɗa masa. Hashimu maraya ne. Wani tsohon masassaƙi mai suna Ɗalha shi ya ɗauke shi tun yana ƙarami, ya ci da shi, ya tufatar da shi, ya koya masa riƙon gizago, ya yi masa aure, alhali shi kansa Allah bai ba shi haihuwa ba. Da ciwon ajali ya kama tsohon, Hashimu ya riƙe hannunsa ya ce, in Allah ya ba shi namiji, sunansa zai mayar. To, ga namiji ya zo a shekarar Sa'adu. Liman ya ji tsoron faɗin wani suna dabam, mai unguwa ya kai magana gaba, alƙalin unguwa ya saurari Hashimu ya ce umarnin Sarki doka ne, a tsare shi har ranar da ya sauko.

Malam ya ce, "Ke fa, mene ne ra'ayinki?"

Ta ce, "Ni da farko har faɗa na yi masa, na ce ga rago har gida, ga suna mai kyau, me ya yi zafi? Amma da ranar ta zo, mata suka taru da kwanukansu, aka rasa abin da za a yi wa guɗa, suka zame ɗaya bayan ɗaya suna kallona da tausayi, sai na ga ashe ba rago ne suna ba. Ba na ƙin Sarki, Allah ya raya masa ɗansa. Amma ni na yi naƙudar yaron nan, ubansa kuma ya yi wa mamaci alkawari. An ce nan ne shari'a take ƙarewa, shi ya sa na wuce kowa na zo."

Ta kwanto jaririn. Malam ya karɓe shi, ya buɗe baki zai sa masa albarka, sai ya ga ba sunan da zai kira shi da shi. Nan take ya ji naman ragon da ya ci watannin baya ya dawo ya tsaya masa a ƙirji. Ya ce, "Na karɓi ƙararki. Koma gida ki ci gaba da wanka."

Bayan sallar azahar ya nufi fada, domin ladabi ya hukunta ya sanar da Sarki cewa an kira umarninsa gaban shari'a. Ya tarar da shi yana wasa da ɗansa a cinya, Waziri Labaran yana gefe, wani dogon mutum mai fasahar harshe wanda bai haɗa amanar Sarki da komai ba. Malam ya yi gaisuwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi.

Fara'ar Sarki ta ragu. Ya miƙa yaron aka shiga da shi, ya ce, "Malam, ni ina tsammani alheri na yi, ashe ƙara na jawo wa kaina? To, ga abin da zan ɗora maka. Na yi magana a gaban jama'a, in ta faɗi ƙasa, gobe mai shela zai buga gangarsa ba wanda zai ɗaga kai. Na kuma yi rantsuwa a Ƙofa, ba na so in gamu da Ubangijina da karyayyen alkawari. Ka nemo hukuncin da zai bar maganata a tsaye, ya bar rantsuwata a tsaye. In ka samo, za ka ga abin da zan yi. In ka kasa, ka ajiye rawanin in nemi wanda zai iya. Waziri ne zai tsaya wa umarnina, ni kuwa zan zo in saurara."

Malam Ukashatu ya koma gida yana nazari. Inda gaskiya take bai ɓoyu gare shi ba, domin raɗa wa ɗa suna haƙƙin uba ne, yana can cikin gida bayan zaure. Abin da ya gagare shi shi ne yadda zai faɗi haka maganar Sarki ba ta faɗi ba. Ya juya al'amarin ta kowace fuska bai ga mafita ba, har ya yanke a ransa zai ba Hashimu gaskiyarsa, sa'an nan ya tuɓe rawani ya koma ƙauyensu ya kama noma. Ya gaya wa uwargidansa ta fara ɗaure kaya. Ta dube shi ta ce, "Malam, kai da rabonka da fartanya tun kafin a haifi uwar Sa'adu? Allah dai ya rufa asiri."

Ranar shari'a zaure ya yi kaɗan, aka fito da shimfiɗu ƙarƙashin wata babbar bishiyar ƙirya da ke ƙofar gidan Malam. Gari ya tashi kakaf. Mata suka yi sahu a baya, kusan kowacce da Sa'adunta a goye. Sarki ya zo ba kiɗa ba algaita, ya zauna a gefe. Aka kawo Hashimu daga gidan Yari ɗaure da igiya, wani ƙaƙƙarfan saurayi mai kaushin tafin hannu, aka zaunar da shi tabarma ɗaya da Waziri kamar yadda shari'a ta tanada ga masu jayayya.

Malam ya yi bismilla ya ce, "Kafin mu fara, jama'a su sani ni ma jikana Sa'adu ne, kuma na ci ragon nan. Hashimu, ka yarda wanda ya ci ya yi maka shari'a?"

Hashimu ya ce, "Allah ya gafarta Malam, in sai wanda bai ci ragon Sarki ba za a nema a garin nan, sai dai in yi wa kaina shari'a."

Wuri ya ɗauki dariya, har Sarki ya sunkuyar da kai yana gyara amawali. Da aka natsu, Hashimu ya faɗi tasa. Ya ce, "Ban raina Sarki ba, ban raina kyautarsa ba. In jirgi yake so, in sassaƙa masa goma ban karɓi ladan ko ɗaya ba. In yaƙi ya zo, ni ne a gaba. Amma Baba Ɗalha bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, ba abin da ya rage nasa a duniya sai sunansa, shi ma a bakina ya bar shi. In na bari ya faɗi, wa zai ɗauka?"

Sai Waziri Labaran ya gyara zama ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ji tausayin wannan bawan Allah, amma ba da tausayi ake riƙe ƙasa ba. Sunan nan ba mummuna ba ne da shari'a za ta ƙi shi, Sarki kuma bai karɓi komai daga hannun kowa ba, bayarwa ya yi; ina zalunci a cikin kyauta? Sa'an nan rawanin da ke kan Malam hannun Sarki ne ya naɗa shi, ban kuwa taɓa jin inda inuwa ta gyara wa bishiya tsayuwa ba. Abin da ya fi duka, tun kaka da kakanni an san sarki ba ya magana biyu. In ya faɗa, ta zauna. Ƙasar da maganar sarkinta ke ɗauruwa yau ta kwance gobe, ba ta da maraba da kasuwar da ba mudu."

Malam Ukashatu yana saurare da nauyin zuciya, hannunsa har ya fara kaiwa ga gefen rawani, sai kalmar nan ta ƙarshe ta faɗa masa a kunne kamar an buɗe taga a ɗaki mai duhu. Ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, maimaita mini ta ƙarshen nan, kunnen tsufa ne."

"Na ce sarki ba ya magana biyu."

"Madalla. To, in sarki ya yi magana, daga baya aka ji wata daga bakinsa wadda ta saɓa mata, wacce za a riƙe?"

"Ta farko, Malam. Ai ma'anar zancen ke nan."

"Allah ya saka da alheri. Kana nan ranar da aka naɗa Sarki Zubairu?"

"Ni na riƙe masa Alƙur'ani."

"Wace magana ce ta fara fita daga bakinsa a ranar, tun rawani bai hau kansa ba?"

Kowa ya san rantsuwar Ƙofa ce. Guna-guni ya fara tashi a cikin jama'a, dattawa suna gyaɗa kai. Amma Labaran ba a kayar da shi da wuri. Ya ce, "Na ga inda Malam ya nufa. Sai dai wanda ya ƙulla shi ke kwancewa. Sarki ne ya yi rantsuwar, Sarki ne ya ba da umarnin, na baya kuwa yakan shafe na gaba, kamar yadda yakan sauya ranar kasuwa ba mai cewa ya yi magana biyu."

Malam ya ce, "Gaskiya ne a cikin abin da Sarki ya ƙulla shi kaɗai. Ranar kasuwa tasa ce, ya ɗaga ta ya sauke ta yadda ya ga maslaha. Amma alkawari igiya ce mai baki biyu, ɗaya a hannunsa, ɗaya a hannun mutanen nan, domin a kansa suka yi masa mubaya'a. Kai ka riƙe Littafi, ka san wanne ya riga wanne. Ba sarauta ce ta haifi alkawarin ba, alkawarin ne ya haifi sarautar, ɗa kuwa ba ya korar uwarsa daga gida ya ce shi ɗan halal ne.

"Batun kyauta, kyautar da ba a iya ce mata a'a haraji ce ta yafa mayafi. Batun rawanina kuwa, haƙiƙa Sarki ne ya naɗa shi, kuma ranar da ya naɗa ya sa na rantse zan yi hukunci da gaskiya. In magana biyu suka zo gabana suna karo, ba yadda za a yi in raba gardama ban faɗi wadda ke sama ba. Ba ni nake sama da Sarki ba. Rantsuwarsa ce take sama da ni, take sama da shi."

Sa'an nan ya ɗaga murya yadda na baya za su ji, ya ce, "Ga hukunci. Umarnin ranar suna ya ƙunshi abu biyu. Na farko, duk namijin da aka haifa a shekarar nan ragonsa daga garken Sarki zai fito. Wannan dukiyarsa ce, bai saɓa wa komai ba, yana nan daram. Na biyu, tilasta suna. Wannan ya tsallake zaure, ya yi karo da maganar farko, kuma tun da sarki ba ya magana biyu, shari'a ba ta ɗauke shi maganar Sarki ba, ta ɗauke shi abin da murna ta faɗa da bakin uba. Ba shi da ƙarfi a kan Hashimu, ba shi da ƙarfi a kan kowa. A saki Hashimu yanzu, ya raɗa wa ɗansa sunan da ya so. Kuma da yake yaron namiji ne, a shekarar nan aka haife shi, a mayar masa da ragonsa."

Idanu duka suka koma kan Sarki, ba ka jin komai sai ƙananan koke-koken jarirai. Malam Ukashatu kansa ya zauna jiran abin da Sarki zai ce, domin ya san hukunci ba shi da ƙafafu, in mai iko bai ɗauke shi ba a nan zai kwana. Sarki ya sunkuyar da kai. Can sai kafaɗunsa suka fara rawa, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta har da hawaye.

Ya ce, "Labaran, na aike ka da sanda ka kare ni, ka miƙa wa Malam ya buge mu da ita mu biyu! Kuma ragon ma ban tsira da shi ba." Ya juya ga dogarai ya ce, "Ba ku ji hukunci ba ne? Ku kwance Hashimu."

Wuri ya kaure da kabbara da guɗa, Sa'adu Mai Barci ma ya farka ya taya ɗan'uwansa. Da hayaniya ta lafa, Sarki ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ka bar maganata a tsaye, ka bar rantsuwata a tsaye, ka cika sharaɗi. Amma saura tambaya ɗaya, ba don gwaji ba, don in samu natsuwa. Yau ka auna maganar sarki ka zubar da rabinta. Kai wa zai auna taka? Kada mu gudu daga sarki mai rawani ɗaya mu faɗa hannun wani."

Malam ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, tambayar nan ta fi hukuncin nauyi. Ni ba ni da dogari, ba ni da baitulmali, yanzun nan ma sai da ka yi magana aka kwance igiya. Ba na fita neman shari'a. Watanni umarnin nan yana aiki ban ce uffan ba, sai da mai haƙƙi ta yi sallama a zaurena. Ba na hukunci a ɗaki, kuma ba na cewa na yanke don na ga dama, dole in shimfiɗa hujjata a rana inda malamai da jahilai za su juya ta. In na karkace, idon jama'a yana kaina, kuma Alkawarin da na auna ka da shi, da shi za a auna ni. In kuwa mutanen ƙasa suka ga wata kalma a cikinsa ta tsufa, su da Sarki su taru a Ƙofa su gyara, ni sai in bi."

Sarki ya ce, "Na gamsu." Ya tuɓe alkyabbar da ke jikinsa ya sa aka yafa wa Malam, da yake kuwa Malam gajere ne sai da ta share ƙasa. Sa'an nan ya ce, "Na kuma yi umarni, daga yau ba sarkin da zai tuɓe Alƙalin Alƙalai don hukunci bai yi masa daɗi ba."

Malam ya rusuna ya ce, "Na gode, Allah ya ƙara wa Sarki martaba. Sai dai umarni ne, wanda ya gaje ka yana iya ɗaga shi kamar ranar kasuwa. In ana so ya daɗe, a kai shi Ƙofa."

Haka kuwa aka yi. Ranar Juma'a bayan an sauko, Sarki da masu zaɓen sarki da jama'a suka taru a ƙofar gari, aka ƙara wannan kalma a cikin Alkawari, Waziri Labaran ne ma ya tsara lafazinta, ya tsara shi da kyau. Aka kuma yi shela cewa duk wanda ya sa wa ɗansa Sa'adu ba da son ransa ba yana iya sauyawa. Sarki ya zauna cikin fargaba, yana tsammani za a watse a bar ɗansa shi kaɗai. Sai ga shi waɗanda suka sauya ba su taka kara sun karya ba. Mahaucin nan ya mai da tagwayensa Hasan da Husaini, kowa ya ce ya kyauta. Sauran suka riƙe abinsu, har ma aka ci gaba da sa sunan bayan shekara ta wuce, lokacin da ba rago ba tilas. Sarki ya ce wa Malam, "Da ina da takwarorin dole, ban san ko ɗaya ba. Yanzu kowane Sa'adu na gani, na san ubansa ya zaɓa."

Sunan ɗan Hashimu kuwa, ba a taɓa yin irinsa a Bakin Gulbi ba. Matan da suka zame da kwanukansu suka dawo da waɗanda suka fi su girma. Sarki ya aiko da goro, Waziri ya zo da kansa. Hashimu ya sunkuya ya raɗa wa liman magana a kunne, liman ya yi addu'a, maroƙi ya cika ƙirji ya yi kira, "Sunan yaro Ɗalha! Allah ya raya Ɗalha!" Hashimu ya juya ya fuskanci bango, ya daɗe yana share ido da hannun riga.

Da aka shafa fatiha, Hansatu ta aiko a yi wa Malam Ukashatu iso ta yi masa godiya. Ya tsaya daga bakin ƙofa, ta durƙusa, ta miƙo masa jaririn. Ya karɓa, ya kira shi da sunansa, ya sa masa albarka, sa'an nan raha ta motsa masa ya ce, "To, 'yata, ke kika tayar da ƙasa guda a kan sunan nan, har aka taɓa Alkawarin kakanni. Faɗe shi mana sau ɗaya in ji daga bakinki."

Hansatu ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Haba, Malam! Ɗan fari, kuma mai sunan surukina? Ni Baffa zan riƙa ce masa."

Matan da ke ɗakin suka kwashe da dariya, Malam ya fito yana dariya yana tattare alkyabba. An ce har ta tsufa ba a taɓa jin sunan a bakinta ba.

Masu hikima sun ce, girman sarki ba a yawan abin da umarninsa ke iya kaiwa gare shi yake ba, yana wurin da ya yarda ya tsaya. Mulkin da ya rusuna wa adalci ba ya raguwa, kamar yadda gulbi ba ya ƙanƙanta don yana da gaɓa. Gaɓar ce take kai shi nesa.